Maɗaurin Agogon Hamma

Shekaranjiya jikana ya sayo igiyar nailan zai ɗaure akuya, sai ya ƙyasta ashana ya ƙona bakinta don kada ta warware. Ina zaune a kan tabarma ina tsintar wake lokacin da hayaƙin ya iso inda nake. Ban san sa'ad da na ture faifan ba. Na ce masa ya kwashi igiyarsa ya fita da ita waje, kuma kada ya ƙara ƙona mini roba a cikin gida. Ya fita yana gunguni, wai tsufa ya fara taɓa ni. Ƙila ya taɓa ɗin, amma wannan ba aikin tsufa ba ne, tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya nake tare da shi.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a bayan Wagini, Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya, muna noma muna kiwo. Mahaifina Baffa muke ce masa, mahaifiyata Inna, babban wanmu kuma, wanda shi ne ɗan fari, Hamma. Daga shi sai ni, sai wata ƙanwata, sai autanmu da ke goye a lokacin.

Shekarun da nake ba ka labari su ne waɗanda ake ta maganar kuɗin mai. Duk wanda ya dawo daga birni sai ya ce arziki ya ɓarke, ana zuba kwalta, ana gina ofisoshi, masinja ma sabon keke yake hawa. Mu dai labarin kawai yake iso mu. Damina biyu a jere ta yi mana gardama, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Shanun Baffa suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka riska da sauran numfashi a yanka ta, wadda ta faɗi a daji kafin a iso kuwa ta zama mushe. Idan ka fita ɗiban ruwa warin mushe ne, idan ka zauna a inuwa shi ne, har a cikin zanen da kake lulluɓa. Ko yanzu aka rufe mini ido zan ware shi daga cikin kowane irin wari.

A wannan lokacin masu sayen ƙirgi suka cika ƙauyuka da jakunansu, ba sa tambaya ko fatar yankakkiya ce ko ta mushe. Mutane da yawa sun rufe ido sun sayar, ban kuma ga laifinsu ba. Baffa ne bai rufe ba. Mutum ne mai tsauri a kan abin da ya karanta a gaban malaminsa, kuma abin da ya karanta shi ne mushe ƙazanta ne, kuɗinsa ma haka. Wata rana ƙanensa ya feɗe wata saniya da ta mutu a bakin rafi, ya sayar da fatar, ya auno dawa ya kawo wa Inna cikin ƙwarya don ta dama mana kunu. Baffa ya dawo ya tambayi inda dawa ta fito, aka gaya masa. Ya ɗauki ƙwaryar da hannunsa ya kai ta bayan danga ya ajiye, sannan ya rantse a gaban mutanen da ke zaure cewa abincin da aka saya da kuɗin mushe ba zai shiga cikinsa ba har ya koma ga Allah. Muna tsaye muna kallo ƙanen nasa ya zo ya ɗauke ƙwaryarsa.

Sati uku bayan haka muka binne ƙanwata. Ba na cewa ƙwaryar nan ce za ta tsare ta, kwananta ne ya ƙare. Amma ni yarinya ce, tunanin yarinya na yi, kuma ban iya cire shi daga raina ba.

Bayan sadakar bakwai Hamma ya ɗauki sandarsa ya tafi Katsina neman aiki. Wata biyar babu labarinsa, sai wani direba ya kawo saƙo cewa ya samu aikin masinja a wani ofis. Ranar na ji Inna tana waƙa ƙasa-ƙasa tana shara.

Ya zo mana da hantsi, ranar kasuwar Batsari, a tsakiyar bazara. Jakin haya na gabansa da buhu biyu na dawa, shi kuma yana baya cikin sabon kaftani, yana ƙamshin turaren kwalba. A hannunsa na hagu ga agogo, mai maɗaurin zaren nailan, baƙi da ratsin kore. A ƙauyenmu kaf babu mai agogo, har liman da inuwar bango yake kiran salla. Ni kuwa ba agogon na fara kallo ba, buhunan na kalla. Kwana huɗu ke nan abin da muke ci shi ne busasshen ganyen tafasa da ɗan gishiri, nonon Inna ya ƙafe, auta ya daina kuka ma sai dai ya buɗe baki.

Ka san kunyar ɗan fari irin tamu. Baffa ba ya kiran sunan Hamma, ba ya kallon fuskarsa, ba sa zama tabarma ɗaya. Inna ma haka, ko ta fi. Saboda haka daga nesa Hamma ya tsuguna ya yi gaisuwa, Baffa kuma ya amsa yana gyara ɗaurin igiyoyin da zai kai kasuwa. Tun da shanu suka ƙare, tufkar igiya ce sana'arsa. Ya saɓa kayansa, har ya kai bakin zaure sai ya tsaya, ya yi magana yana duban jakin.

"In na dawo da la'asar a kawo mani agogon ga in gani. Ban taɓa riƙa irin shi ba."

Bayan fitarsa Inna ta ce in kai wa baƙo ruwa ya wanke hannu. Na ɗauki buta na durƙusa ina zuba masa, ya miƙo hannuwa biyu kusa da fuskata. Ƙamshin turare ne ya fara zuwa, sai na ji wani abu a ƙarƙashinsa, abin da na sani sarai.

"Hamma, hannunka na warin mushe."

"Mi kika ce?"

Ya kai agogon hancinsa ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ce shi bai ji komai ba. Gaskiyarsa ce kuwa, hancinsa ya riga ya saba. Ya kama hannuna ya ja ni bayan rumbu, ya tsuguna har kanmu ya zo daidai, a nan ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. Babu wani ofis. Duk ƙofar da ya je takardar makaranta ake tambaya, shi kuwa allo kaɗai ya sani. Da yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya shiga rumfar masu fata, yana kankare ƙiraga, yana shanyawa, yana ɗaurewa, kuma mafi yawansu na mushe ne daga ƙauyuka irin namu. Agogon a hannun wani direba ya saya, don an ce masa ba a yarda mutum ma'aikaci ne sai an ga agogo. Da yake su da yawa suke kwana a rumfar, bai taɓa cire shi ba don tsoron ɓarayi. Da shi yake aiki, da shi yake barci, wata da watanni yana shan gumi da ruwan fata. Kafin ya taho ya yi wanka sau uku, ya yar da tsofaffin kayansa, ya sayi turare, ya yanke farce. Maɗaurin nan ne kaɗai bai zo masa a rai ba.

Ya zare kan agogon ya sa a aljihu, ya danƙa mini maɗaurin.

"Ki fidda warin ga kafin Baffa shi dawo. In ya ji shi, kin san inda buhunan can za su kwana."

Na ce mu jefa shi a masai kawai, mu ce ya ɓata. Ya girgiza kai. Mutumin da ke gane saniyarsa a cikin garke daga nesa ba zai manta baƙi da ratsin kore ba, kuma da ya fara tambaya, Hamma ba zai iya kallon ƙasa ya yi masa ƙarya sau biyu ba. Shi kansa ba zai iya tsayawa wanki ba, don zaure ya riga ya cika da masu zuwa gaida ma'aikacin gwamnati. Haka ya koma ya zauna a cikinsu, duk wanda ya tambayi agogo sai ya ce ya cire shi ne ya huta saboda zafi. Suka yarda kuwa, har wani tsoho ya ce ai ƙarfe ma yana gajiya.

Na fara da sabulun salo, ɗan guntun da Inna take ɓoyewa a cikin tukunya don wankan auta. Ruwan da ke randa bai kai rabi ba, kuma ruwan nan sai an yi tafiyar rabin yini an tona yashin rafi ake samunsa. Na ɗebi moɗa ɗaya na cuɗa, na cuɗa, ruwan ya fito baƙi ƙirin. Na ɗauraye na kai hanci, sai ƙamshin sabulu. Wallahi har na fara murna. Na shanya shi a kan danga, rana ta bazara ba ta ɗauki lokaci ba ta busar da shi. Na ɗauko na shinshina, warin yana nan daram, kamar ban taɓa shi ba.

Abin da ban sani ba ke nan game da wannan zare. Mu auduga muka sani, da saƙi, da fata. Auduga in ka wanke ta tana sakin abin da ta sha. Nailan kuwa yaudara gare shi, yana jiƙe zai nuna maka ya yi tsarki, yana bushewa ya dawo da halinsa. Na yi wannan wanki da shanya ya fi sau biyar a ranar, kowane karo sai ya ba ni rai sannan ya ƙwace.

Inna tana tsakar gida tana surfe, sauri take kamar ana korarta. Ta riga ta kwance bakin buhu ɗaya tun kafin ƙurar tafiyar Baffa ta kwanta, so take ko yaya ne kunu ya shiga cikin auta kafin la'asar. Ban gaya mata komai ba, ita ma ba ta tambaye ni ba, amma bayan rumbu da wurin turmi danga ɗaya ce ta raba su. Kunya ba za ta bar ta ta sa hannu a al'amarin ɗan fari a fili ba. Sai na ji ta yi magana tana duban cikin turmi.

"Akwai toka mai kyau a murhu, ta karan dawa. Ko wa ke so shi ɗiba."

Na ɗibo toka na kwaɓa, na dirje maɗaurin a kan dutsen niƙa har fatar yatsuna ta fara saɓulewa. Na ɗauraye da moɗa ta biyu. Na shanya. Wari na nan.

"An bar kanwa a bakin taga," in ji Inna, wannan karon da kaza take magana.

Na jiƙa kanwa na tsoma shi, na zauna ina kallonsa kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ratsin koren ya fara dushewa, na tsorata na fitar. Daga nan na jiƙa tsamiyar da ta rage mana, wadda da ita ake ɗan gyara bakin kunu, an kwana biyu ba a taɓa ta ba don tattali. Na goga masa dusa. Na tona rami a gindin rumbu na binne shi cikin busasshiyar ƙasa, don na taɓa gani ana yi wa ƙwaryar da ta yi wari haka. Na tauna ganyen darbejiya na tofa masa na murza. Duk abin da na taɓa gani ko na ji wata tsohuwa ta ambata, sai da na gwada. Warin ya ragu, ba zan yi ƙarya ba, amma raguwar da za ta ruɗi baƙo ce, ba za ta ruɗi makiyayin da ya ja gawar shanunsa da hannunsa ba.

Hamma yakan sulale daga zaure ya leƙo, ya ciro kan agogon daga aljihu ya ce mini ƙarfe ɗaya ta wuce, ko biyu ta yi. Ni ban san abin da ƙarfe biyu take nufi ba. Inuwar rumbu nake kallo, na san in ta taɓa turmi la'asar ta yi. Zuwansa na ƙarshe bai ma faɗi lokaci ba, ya dube ni kawai, na girgiza kai, ya koma. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum irin na ranar ba.

Ruwan randa ya koma ƙasa har moɗa tana karto gindi. Na zauna a bayan rumbu na yi kuka mai isata, ba da ƙarfi ba don kada 'yan zaure su ji. Ina jin auta yana haɗiyar kunu a cinyar Inna, ƙut, ƙut, yana riƙe ludayin da hannu biyu don kada a janye. Na tuna ƙwaryar da aka kai bayan danga, na tuna ƙanwata. Na ce a raina idan buhunan nan suka fita daga gidan nan, auta ne zai bi ta, kuma ni ce na kasa wankin abin da bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na iya, har da ta shiga bayi, don ita ce ta zo bakina.

Inuwa saura taki ɗaya ta taɓa turmi sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da kaskonta na turaren wuta, da ɗan ƙullin kajiji wanda tun haihuwar auta take adana shi. Ta zuba garwashi, ta ajiye a bakin danga, ta koma wurin tukunyarta ba ta waiwayo ba. Na gane nufinta. Abin da ya ƙi fita, a rufe shi. Haka matanmu suke yi wa zane da kallabi, a kifa kwando a kan kasko, a shimfiɗa tufa a bisa, hayaƙi ya ratsa shi a hankali.

Da na bi wannan tsarin, ƙila da labarin ya zama wani. Na kifa kwandon, na ɗora maɗaurin, amma sai na ga hayaƙin yana bi ta gefe yana tafiyarsa, abin siriri ne ba ya tare komai. A daidai nan na ji liman ya ɗaga murya, na kuma ji 'yan zaure suna yi wa wani sannu da dawowa. Hankalina ya tashi. Na ture kwandon, na kama maɗaurin ta baki biyu na sauke shi dab da garwashi, yadda nake gani ana yi wa ɗankwali in ana sauri. Ɗankwali in ya ji zafi ɗumi yake yi, ya sha ƙamshi. Babu wanda ya taɓa gaya mini akwai tufar da take narkewa.

Kafin in ƙifta ido tsakiyarsa ta tattare ta nannaɗe, ta yi baƙi, ta fara ɗiga a kan wuta tana cus, cus. Na fizge shi, ɗigo ɗaya ya manne mini a babban yatsa. Ban ji zafinsa ba a lokacin, don abin da ya tashi ya fi ƙuna. Duk warin da ya maƙale a cikin zaren nan wata da watanni, wanda sabulu da toka da kanwa suka kasa fitarwa, wuta ta fitar da shi gaba ɗaya. Ya haɗu da ƙaurin roba da ƙamshin kajiji ya cika tsakar gida. Inna ta saki muciya. Ta dube ni, na dube ta.

Baffa ya yi sallama ya shigo, igiyoyinsa a kafaɗa kusan yadda ya fita da su. Hamma na biye da shi daga nesa. Baffa ya tsaya a tsakiyar gida, na ga hancinsa ya motsa sau ɗaya. Ya dubi kaskon, ya dubi buhun da aka kwance, ya dubi auta da ya yi barci da busasshen kunu a gefen baki. Ya daɗe yana kallon auta.

Na rarrafa na durƙusa a gabansa na miƙa abin da ya rage, na ce, "Baffa, ni ce na ƙona shi. Turare na so in yi mashi."

Ya karɓa ya jujjuya a tafin hannunsa. Bai kai shi hanci ba. Ina jiran mari, ina jiran ya tambaya, ina jiran ya nufi buhunan. Sai ya ce, "Nuna mani yatsan." Ya duba, ya ce Inna ta shafa mini ruwan kanwa. Sannan ya miƙa hannu gefe, ba tare da ya juya ba, Hamma ya matso ya sa masa kan agogon. Ya kara shi a kunne ya saurara, har na ga kamar zai yi murmushi.

Bayan ya yi salla ya zauna a kan buzunsa, fatar ragon Layyar da ya yanka a shekarar da abubuwa ke da kyau. Ya ciro aska ya yanki siririn tsiri daga gefen buzun, ya kankare gashin, ya murza shi a gwiwa har ya yi laushi, ya zura a kunnuwan agogon. Ya ce a kira masa yaron nan. Hamma ya zo ya tsuguna, Baffa ya kama hannunsa ya ɗaura masa da kansa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya taɓa jikin Hamma ba sai ranar.

"Wagga ta yankakke ce," in ji shi.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Hamma ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan sabon kaftaninsa.

Da magariba Inna ta kwashe tuwo, ta kai wa Baffa akushinsa kamar kullum. Ya buɗe ya duba, ya rufe, ya turo shi gabanmu.

"A ƙara wa yara. Ni dawa ba ta zama mani a ciki kwanan nan."

Buhunan suka kwana a gida. Suka ƙare, Hamma ya koma rumfarsa ya aiko da wasu, su ma suka kwana. Baffa bai taɓa tambayar daga ina ba, in maƙwabta sun ce yaya ma'aikaci sai ya ce yana lafiya. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakinsa ba. Abin da igiya ta kawo shi Inna take dafa masa a wata 'yar tukunya daban, ga shi kuwa babu mai dabbar ɗaurewa balle a sayi igiya. Ranar da babu sai ya tsotsi aduwa ya sha ruwa, ya ce azumin nafila yake. Kullum Inna sai ta kai masa akushi, kullum sai ya turo mana. Muna murmurewa yana zubewa, a gida ɗaya, a kan idon juna.

Na girma na ji malamai suna cewa lalura tana halatta abin da aka hana, rantsuwa kuma tana da kaffara. Na tabbata Baffa ya san haka fiye da ni. Da ya taka zuwa wurin liman da an warware masa cikin zama ɗaya. Amma kafin hakan dole ne ya buɗe baki ya faɗi dalili, ya faɗi aikin da ɗansa yake yi, kuma da zarar maganar ta fita a gaban mutanen da suka ji rantsuwarsa, suka ga ya mayar wa ƙanensa da ƙwarya, to dole buhunan su bi ta. Ya zaɓi ya yi shiru. Ruwa ya sauka a wannan shekarar, ya fita da kyar ya yi shuka, ya ga gero ya fitar da kai. Zazzaɓin da ya kwantar da rabin ƙauyen suka tashi, shi bai samu jikin da zai tashi da shi ba. Bai ci tumun shekarar ba.

Yau ƙauyen nan babu kowa sai kangaye. Rashin tsaro ya kore mu, muka tattaro a kan babura muka dawo cikin Batsari, wasu suka yi Safana, wasu Katsina. Hamma ya rasu da jimawa, Inna ta riga shi, auta kuwa shi ne mai furfura yanzu, gidansa nake zaune, kuma bai san komai a kan wannan rana ba sai abin da na ga dama na gaya masa. Yaran yanzu ba sa ɗaura agogo, waya suke dubawa. Hatsi yakan zo mana daga hannun da ba mu sani ba, wani lokaci taimako, wani lokaci daga ɗan da ya tafi kudu ba mu san takamaiman aikinsa ba. Ban taɓa tambaya ba, dafawa nake in raba.

Wani lokaci ina jin haushin Baffa, in ce wane irin taurin kai ne zai sa mutum ya bar marayu saboda kalma ɗaya. Wani lokaci kuma in ga ban taɓa sanin mutum mai tausayi kamarsa ba. Na kai shekarun da ya kamata in tsaya a kan ɗaya, ban tsaya ba. Na kuma sha tambayar kaina ko da ban sauke maɗaurin nan kan garwashi ba, da kajiji ya rufe abin da zai rufe, Baffa ya samu hanyar da zai ce wa kansa bai ji ba, ya ci abinci tare da mu. Babu wanda ya rage da zan tambaya.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne wannan. A magaribar farko, da ya turo akushin, na fahimci abin da yake nufi sarai, shekara goma sha ɗaya ba ƙuruciyar da za ta hana ni ganewa ba ce. Na san in na ce ba zan ci ba sai ya ci, ƙila ya dube ni. Amma yunwa nake ji. Na ja akushin gabana na cinye rabon Baffa tas, yana zaune yana kallona, har ya ce mini in ci a hankali kada in shaƙe.